Kwana biyar a bitar fastoci da dattawa a Tawa: abin da ya ci kuɗinsa da abin da bai ci ba

Shekara tara ke nan ina riƙe da kuɗin wata ƙaramar ikilisiya a nan Tawa, kuma a tsawon wannan lokaci na halarci tarurrukan addu'a da na farkawa da ba zan iya ƙirgawa ba, amma ban taɓa zama a ajin da aka keɓe domin koya wa fastoci da dattawa riƙon jama'a ba sai a sanyin da ya wuce, bayan an gama kaka. Wata ƙungiyar Kirista ce ta shirya bitar, ta kwana biyar, daga Litinin zuwa Juma'a, a harabar wata majami'a da ke cikin gari. Kowane mutum ya biya jika 12 na sefa, kuɗin da ya ƙunshi abinci sau uku a yini, da wurin kwana ga baƙi, da kundin darussa. Tun da na dawo ƴan'uwa daga Madawa da Ƙonni da Buza suke bugo mini waya suna tambaya ko su tura mutanensu idan aka sake shiryawa, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya, da tsawonta.

Ba da son raina na tafi ba. Majalisar dattawanmu ta yanke cewa ni da fastonmu za mu je, wato jika 24 ke nan, kusan baikon Lahadi biyu a wurinmu, ina nufin kuɗin da masu sujada suke bayarwa, kuma wanda yake ƙirga kuɗin da hannunsa ya fi kowa jin zafin fitarsu. Na yi zaton za mu sha wa'azi ne na kwana biyar a kan tawali'u, mu ce amin, mu karɓi takardar shaida, mu dawo gida yadda muka tafi.

Batun masauki ba shi da tsawo. Mu kusan arba'in ne, baƙi suka kwana bisa tabarmi a ɗakunan karatun yara, kuma barguna ba su ishe su ba, ga hunturu yana busawa. Wanda zai zo daga nesa a irin wannan lokaci ya taho da nasa. Abinci bai yi laifi ba: kunu da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwon hatsi da miyar kuka da dare. Ana fara aji ƙarfe takwas daidai, ko da mutum biyar ne a zaune, kuma zuwa Laraba babu sauran mai makara. Malamai uku ne suka raba darussan: wani tsohon fasto daga wajen Maraɗi wanda kowa yake kira Baba, da wata mata ma'aikaciyar lissafin kuɗi da ta zo daga Yamai, da wani matashi mai ilimin tauhidi wanda ya zo da kwamfuta da na'urar haska rubutu a bango.

Baba ne ya buɗe ranar farko da sura 3 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, inda aka jera sharuɗɗan mai kula da ikilisiya. Babu wanda bai san wurin ba a cikinmu, domin ana karanta shi duk ranar naɗa dattijo. Abin da ya yi dabam shi ne, ya ja layi a tsakiyar allo, ya ce a hagu mu rubuta abin da ake koya a makaranta, a dama kuma abin da ba a iya gani sai a gida da kasuwa. Muka riƙa ɗauko sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya: zama marar abin zargi, mijin mace ɗaya, kamun kai, karɓar baƙi, rashin shaye-shaye, rashin saurin hannu, rashin son kuɗi, iya riƙon gida, kada ya zama sabon tuba. Duka suka taru a dama har alli ya kai ƙasan allo. A hagu kuwa abu ɗaya tak ya tsaya, wato iya koyarwa. Ya ajiye allin, ya ce mu faɗa masa tsakaninmu da Allah, idan za mu zaɓi fasto, wane ɓangare muke fara dubawa. Kowa ya san amsar, domin duk ikilisiyar da na sani mai daɗin baki take nema tukuna, sauran kuma a bar wa Allah.

Inda ya fi daɗewa shi ne aya ta 7, wadda ta ce dole shugaba ya kasance da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda suke waje. A wata ƙasa wataƙila wannan ayar ƙari ce, amma a Nijar, inda ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, waɗanda suke waje su ne mai gidan hayarka, da mai unguwarka, da mai kantin da yake ba ka sukari bashi, da maƙwabcin da yake aiko maka da nama ranar Layya. Ya tuna mana cewa tun zuwan ƴan mishan Damagaram a 1924, da buɗe asibitin Galmi a 1950, mutanen ƙasar nan da yawa, musamman na Adar, ba a bakin mai wa'azi suka fara sanin Kirista ba, a hannun mai ɗaure musu gyambo suka san shi. Sai ya dube mu ya ce, "Ƴaƴana, wane ne a cikinku zai yarda in je wurin mai kantin unguwarsa yanzu, in ce ya buɗe mini littafin bashi?" Aka yi dariya kaɗan, daga baya ɗakin ya yi tsit. Wannan tambaya ita kaɗai ta fi mini shafi goma na kundin da aka raba mana.

Ranar Talata ita ce ta ci kuɗin bitar gaba ɗaya, kuma a kanta zan fi tsayawa, ba don ni ma'aji ne kawai ba. Malamar ba ta fara da karatu ba. Ta zo da kwanon baiko na gaske, ta zagaya da shi muka zuba abin da ke aljihunmu, tsaba da takarda, sannan ta kira wani fasto dattijo mai kwarjini, ta ce, "Baba, a taimaka a ƙirga mana." Ya ɗauki kwanon ya koma gefe, ya juya mana baya kamar yadda ake yi a ikilisiyoyi da yawa, ya ƙirga, ya dawo ya faɗi adadin. Ta tambaye mu ko mun yarda, muka ce mun yarda. Ta ce to, idan gobe wani ya tashi ya ce shi jika biyu ya saka amma ba a ga takardar jika biyu a ciki ba, wa zai tsaya wa Baba? Babu wanda ya amsa. Ta ce, "Ban ce Baba ya ɗauki ko dala ba. Cewa na yi mun bar shi ba shi da mai shaida, kuma mu ne muka cuce shi."

A nan ne na gane abin da bitar take ƙoƙarin koyarwa, wanda kuma shi ne dalilin da ya sa nake yaba ta duk da kurakuranta. Mu mun saba ɗaukar tsari a matsayin zargi: idan ka ce a ƙirga kuɗi mutum biyu, sai a ce ka mai da bawan Allah ɓarawo. Ita kuwa ta juya maganar, ta nuna cewa mutumin kirki ne ya fi kowa bukatar tsari, domin shi ne yake da sunan da zai ɓaci. Kuma ba daga littattafan lissafi ta ɗauko hujjarta ba. Ta kai mu littafin Sarakuna na biyu, sura 12, inda Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, kuma idan kuɗi suka taru, magatakardan sarki da babban firist ne suke zuwa tare su ƙirga su ɗaure a jakunkuna. Ta kai mu wasiƙa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura 8, inda Bulus, duk da matsayinsa na manzo, bai yarda gudummawar da aka tara wa matalautan Urushalima ta bi ta hannunsa shi kaɗai ba, sai da aka haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, domin kada kowa ya sami abin faɗa. Idan Bulus ya nemi masu shaida, in ji ta, wane ne a Tawa ya fi ƙarfinsu?

Ƙa'idojin da ta ba mu ba su da wuya, kuma ba sa bukatar kwamfuta ko asusun banki. Mutum biyu waɗanda ba gida ɗaya suke ba su ƙirga baiko a fili kafin jama'a su watse, a rubuta da biro a littafi mai lambar shafi wanda ba a yage masa ko ganye ɗaya, su sa hannu su biyun. Wanda yake riƙe da kuɗi ba shi zai riƙe littafi ba, fasto kuwa kada ya riƙe ko ɗaya daga ciki. Kowane wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban ikilisiya, da Hausa, a ba da dama a yi tambaya. Ta sa muka gwada rubuta shafi guda a allo, da ginshiƙin shiga da na fita da na saura, kuma ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana gyara wa waɗanda ba su saba ba, ba tare da ta kunyata kowa ba, abin da ba kowane mai ilimin boko yake iyawa ba idan ya sami masu bishara na ƙauye a gabansa.

Ni kaina sai da na tashi na faɗi nawa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara uku da suka wuce wani ɗan'uwa ya buga mini ƙofa da tsakar dare, matarsa tana naƙuda mai wuya, ana bukatar mota da kuɗin magani. Na buɗe akwatin ikilisiya na ba shi jika 20, ban rubuta ba, ban faɗa wa kowa ba, domin na ga rai ya fi takarda. Allah ya sauke ta lafiya, amma kafin ya biya sai ya tafi ci rani Libiya, kuma da aka zo lissafin ƙarshen shekara aka ga giɓi. Na cike daga kuɗin fanshona, na yi bayani, aka ce an gamsu, amma har yau akwai mutum biyu da suke gaishe ni da wata irin murya. Na tambaye ta abin da ya kamata in yi a daren. Ba ta ce na yi laifi da na taimaka ba. Ta ce ikilisiya ta ware ɗan kuɗin gaggawa mai iyaka wanda majalisa ta amince da shi tun da rana tsaka, ma'aji ya bugi dattijo ɗaya a waya kafin ya taɓa, ko ƙarfe nawa ne, sannan da gari ya waye a rubuta. Da na san wannan a lokacin, da kiran minti ɗaya ya raba ni da maganar shekara uku.

Abubuwa biyu da suka taso a ranar ba sa cikin kundin ko kaɗan, mahalarta ne suka kawo su, kuma malamar ta yi hankali da ta bar jadawalinta ta saurara. Na farko shi ne kuɗin da matasanmu da ke Abijan da Libiya da Aljeriya suke aikowa ta gidajen aika kuɗi da sunan fasto, domin shi suka sani kuma lambarsa suke da ita. Shin zakkar ikilisiya ce ko kyauta ce ga Baba fasto? Sau da yawa mai aikowa bai fayyace ba, fasto ma yana jin nauyin tambaya, kuma a nan bango yake tsagewa har ƙadangare ya sami wurin shiga. Aka tsaya a kan cewa fasto ya tambayi mai aikowa a fili, idan na ikilisiya ne ya miƙa wa ma'aji tare da takardar da aka ba shi a wurin karɓa, a kuma karanta shi a lissafin wata. Na biyu shi ne baikon kaka, wanda a ƙauye ba kuɗi ba ne, dammunan hatsi ne da wake da albasa. Wani mai bishara daga wajen Keita ya bayyana yadda suke yi: a sussuke, a auna da tiya a gaban dattawa, a rubuta, a zuba a ɗakin ajiya mai kwaɗo biyu, makullan kuma a hannun mutum biyu. Malamar ta rubuta wannan a littafinta, ta ce ita ma ta ƙaru.

Ranar Laraba ce ta fi ba ni haushi, ko da yake ta fara da kyau. Matashin malamin ya ɗauko sura 18 ta Fitowa, inda Yetro ya iske surukinsa Musa yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya kuma ba shi shawarar naɗa shugabannin dubu da na ɗari da na hamsin da na goma. Wannan ciwo ne da muka sani: faston da shi ne mai wa'azi, shi ne mai jan waƙa, shi ne mai sayen siminti, shi ne kuma mai sasanta ma'aurata, ba don babu mutane ba, sai don yana ganin duk abin da ya saki girmansa ne ya ragu. Haka kuma ya yi kyau da ya haɗa da sura 6 ta Ayyukan Manzanni, inda masu jin Girkanci suka yi gunaguni cewa ana manta gwaurayensu a rabon abinci, aka zaɓi mutum bakwai domin aikin. Duk wanda ya zauna a ikilisiyar birni a Nijar, inda Bahaushe da Bazabarme da Bagurme suke sujada tare da ma'aikata da ƴan kasuwa daga Benin da Togo da Najeriya, ya san yadda harshen da ake sanarwa da shi yake iya zama rigima.

Daga nan sai ya kunna na'urarsa, bitar kuma ta bar Tawa ta tafi wata ƙasa. Aka haska mana zane-zanen akwatuna da kibiyoyi, da tsarin shekara biyar, da jadawalin mako na fasto wanda yake da sa'o'in zama ofis, da ranar hutu, da hutun shekara, kamar dai kowa a ɗakin yana da albashi da sakatariya. Kundin ma a wannan babin da Faransanci aka rubuta shi, aka yi masa fassarar gaggawa, har kalmar da take nufin inda shugaba yake so ya kai jama'arsa aka mai da ita wahayi. Sai da aka ɓata rabin sa'a kafin a gano cewa wasu masu bishara sun ɗauka ana so kowa ya faɗi ru'uyar da Allah ya nuna masa ne, ɗayansu ma ya ce shi bai taɓa gani ba, ko a sallame shi. Abin mamaki ne a ce muna da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, ga kuma kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma a tara shugabannin ikilisiyoyin Adar a miƙa musu darasin da sai an yi tafinta.

Wani fasto daga ƙauye, mutum mai kaushin hannu wanda bai yi magana ba tun Litinin, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ranar da ruwan shuka ya sauka, a wane layi na jadawalin nan zan sa ta?" Malamin ya yi murmushi ya ce kowa ya daidaita da yanayinsa, ya wuce. A ganina a nan ne bitar ta yi babbar asara, domin mafi yawan waɗanda suke ɗakin da noma suke ci da iyalinsu, wasu da lambun albasa, wasu da ɗinki ko koyarwa, kuma tambayoyin da suke damunsu na hali ne ƙwarai. Shin daidai ne fasto ya kira gayya a gonarsa alhali gonar gwauruwar ikilisiya ba a nome ba? Zai iya cin bashin iri ko taki a hannun mutumin da gobe zai tsawata masa? Idan mutuwa ta faɗo ranar da ya ɗauki ƴan ƙwadago, wanne zai bari? Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti, ya kuma gaya wa dattawan Afisa cewa hannuwansa ne suka biya bukatunsa. Nehemiya ya yi shekara 12 yana mulkin Yahuza bai ci abincin da aka ware wa gwamna ba. Kayan darasin suna nan a hannunmu, amma aka bar su aka yafa na aro, wanda kowa ya san ba ya rufe katara. Da wuta ta ɗauke bayan azahar na'urar ta mutu, ban ga wanda ya yi baƙin ciki ba.

Rabin yini kawai aka ba batun gida da tsabtar rai, ranar Alhamis da safe, kuma Baba ne ya sake tsayawa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce fasto kada ya shiga ɗakin mace shi kaɗai da sunan ziyara ko addu'a, ko da ita ce ta kira shi. A zauna a tsakar gida inda ido yake gani, ko ya tafi da matarsa, ko da wata dattijuwa daga zumuntar mata. Ya ƙara da abin da ban zata daga mutum mai shekarunsa ba, cewa yanzu zauren da aka fi faɗuwa a ciki yana cikin aljihu ne, kuma duk hirar WhatsApp da mutum ba zai so matarsa ta karanta ba, ya san ta riga ta kauce hanya. Ya kuma tuna mana da Eli, wanda ya ji abin da ƴaƴansa Hofni da Finehas suke yi a wurin ibada, ya yi musu faɗa da baki amma bai hana su ba. Duka wannan daidai ne, sai dai an yi shi ne a ɗakin da babu matar fasto ko ɗaya, domin ba a gayyace su ba.

Ba wai ba sa harabar ba ne. Suna bayan gini, a bakin murhu. Da na fita shan ruwa na iske matar faston da ya karɓi baƙuncinmu tana tuƙa tuwon mutum arba'in tare da matan zumunta, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Na ce, "Mama, sannunku da aiki." Ta ɗago ta ce, "Yawwa Baba. Wannan karɓar baƙin da muka ji kuna karantawa a ciki, ai ga ta nan muna cika muku." Ta faɗa da dariya, amma na koma aji da nauyin maganar. Matar fasto ita ce take sanin ranar da babu hatsi a gida, ita ake kai wa ƙorafin da ake jin kunyar kai wa mijinta, ita ce kuma ake auna riƙon gidansa da ita, amma babu wanda ya ga ya dace ta zauna ta ji, balle ta faɗi nata.

Da yammacin ranar aka yi darasin tsawatarwa, wanda ya zo da amfani fiye da yadda na zata. An bi matakan sura 18 ta Matiyu, daga magana tsakanin mutum biyu, zuwa tafiya da shaidu, zuwa kai wa ikilisiya, aka haɗa da umarnin da Bulus ya ba Timoti cewa kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Sannan aka sa mu kwaikwayo: dattijo zai gaya wa fastonsa cewa wa'azinsa ya koma habaici ga mutum ɗaya. Mun sha dariya, domin kusan kowa sai ya yi gaisuwa ta minti biyar, ya tambayi iyali da gona da gajiya, ya tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Kunya ado ce a wurinmu, amma ita ce take sa dattawa su gyaɗa kai a majalisa, su fita su warware maganar a gindin bedi. Baba ya ce wa fastoci su kuma su tuna babba juji ne, wanda ba ya iya jin gyara daga dattawansa zai ji shi daga bakin gari. Abin da aka tsallake shi ne batun magaji da na tsufa: yadda fasto zai tarbiyyantar da wanda zai gaje shi, da inda zai zauna ranar da ya bar gidan ikilisiya. An ambaci batun a gurguje aka wuce, alhali akwai masu furfura da yawa a ɗakin.

Ranar Juma'a aka yi gajeren zama a kan takardu: na fili, da na izinin ƙungiya, da rajistar baftisma da ta aure, tare da tunatarwa cewa tun 2019 akwai dokar da ta tsara harkokin ibada a ƙasar, wadda ya kamata kowane shugaba ya nemi sanin abin da ta ƙunsa. Wani ɗan'uwa da yake Damagaram lokacin da aka ƙone majami'u a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, a can da Yamai, ya ce gini an sake shi, amma littafin da aka rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma tun zamanin iyayensu bai dawo ba. Shawararsa ita ce a ɗauki hoton kowane shafi, a kuma ajiye kwafi a gidan wani dattijo. Wannan zama ya cancanci yini guda, amma aka taƙaita shi domin bikin raba takardun shaida, wanda ya ci sa'a biyu da jawabai da ɗaukar hoto.

Ga masu tambayata, amsata ita ce ku tura, amma kada ku tura fasto shi kaɗai. Idan ya dawo shi ɗaya ya ce daga yau mutum biyu za su ƙirga baiko, ma'aji zai ce shi ake nufi. Idan kuma ma'aji ne ya je shi kaɗai ya dawo da maganar, fasto zai ce an fara yi masa tawaye. Mu da muka je tare, a hanyar komawa gida muka gama shawara, ba wanda ya ji an soke shi. Wanda ba ya jin Faransanci ya zauna kusa da mai ji, kada kuma ya dogara da kundin, ya zo da littafin rubutunsa, domin abin da ya fi amfani a baki aka faɗe shi. Jika 12 ba su yi yawa ba idan aka dubi abinci da darussan Litinin da Talata da yammacin Alhamis. Ranar Laraba kuwa, da ana mayar da kuɗin yini ɗaya, da na nema.

Wata uku ke nan muna karanta lissafi a Lahadin farko ta kowane wata. A karo na farko wata tsohuwa ta miƙe ta tambayi dalilin da ya sa sukari da ganyen shayin zaman dattawa suka ci jika 3, alhali tabarmin ɗakin yara sun yage, kuma babu wanda ya sami amsa a cikinmu. Yanzu kowane dattijo da nasa sukarin yake zuwa. Baiko bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Mun rubuta wa masu shirya bitar takarda muna roƙon a sake rubuta kundin da Hausa tun daga tushe, a ware yini guda domin faston da yake noma, a kuma gayyaci matan fastoci su zauna a aji, a nemo masu dafa abinci daga waje. Har yanzu ba su amsa ba. Majalisarmu dai ta fara ajiye jika biyu duk wata domin zagaye na gaba, kuma an riga an rubuta a littafi cewa magatakarda da shugabar zumuntar mata ne za su je.